Wuyan Ragon Sunanki

La Courneuve, ranar Laraba

Ramatu, ƴata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ko da yake bango ɗaya ne tsakanin ɗakinki da inda nake zaune, har ina jin ki kina rufe akwati kina sake buɗewa. Allah ya tsare ki a tafiyar ranar Asabar, ya sauke ki Lyon lafiya, ya buɗe miki kai a karatun jinyar da kika zaɓa, ya haɗa ki da mutanen da suka fi ubanki haƙuri. Wannan ta ƙarshen ba za ta yi wuya ba.

Za ki ce me ya hana ni buɗe baki in faɗa. Ai kin san bakina. In na fara magana a kan abu ɗaya, kafin minti biyar na zagi gwamnati, na zagi shef, wato shugabanmu na wurin aiki, na ɗauko littafi daga kan firigo, firjin nan namu, ina nuna miki shafi, ke kuma kin ce "Papa, c'est bon," kin shige ɗaki. Takarda ba ta ɗaga murya. Na kuma rubuta da Hausa duk da na san za ki sha wahalar karantawa, domin da Hausa na yi ɓarnar da zan ba ki labari. Ki bi a hankali. In kalma ta gagare ki, ki wuce ta, kada ki tambayi uwarki sai kin kai ƙarshe.

Maganar a kan gidan da za ki sauka ce. Uwarki ta ce miki za ki zauna wurin Baba Sale da matarsa Tanti Mariama a Vénissieux, can gefen Lyon, ta ce abokina ne na da. Kika tambaye ni muna cin abinci, "In abokinka ne, me ya sa ban taɓa ganinsa ba?" Na ce miki Lyon da nisa. Awa biyu ne a jirgin ƙasa, kin sani, na sani. Ƙarya na yi miki. Ga gaskiyar, sai dai dole in faro ta daga jirgin Annabi Nuhu.

Ina ɗan shekara takwas a garinmu, can ƙasar Adar, malaminmu ya ba mu wani labari. Ya ce bayan ruwan ɗufana ya janye, wata rana Annabi Nuhu yana barci, iska ta yaye masa tufa. Ɗansa Ham ya gani, ya yi dariya, ya je ya kira ƴan'uwansa su zo su gani. Su kuwa Sam da Yafisu suka zo da baya da baya, suka rufe ubansu ba su duba ba. Da ya farka sai ya yi wa Ham baki, fatarsa ta koma baƙa, aka ce zuriyarsa bayi ne ga zuriyar ƴan'uwansa har abada.

Na dubi bayan hannuna. Na ce, "Malam, mu ke nan?"

Ya ce, "Kai, rufa mana baki. Arnan kudu ake nufi, masu tsafi."

Sai na ji daɗi. Wannan jin daɗin shi ne kuskurena na farko, kuma sauran duk daga cikinsa suka fito. Ban tambaya ko labarin gaskiya ne ba. Na tambaya ko ya shafe ni, da aka ce bai shafe ni ba sai na rungume shi. Ramatu, duk labarin da aka ba ki wanda ya sa wasu mutane a ƙasa, kada ki fara da neman inda kike a ciki. Ki fara da tambayar wa ya kawo shi, kuma me ya ci da shi.

Kawu Idi, wan uwata, wanda kike ce wa Kaka Alhaji, shi ya kawo ni Paris ina da shekara sha shida. Kin san shagonsa kusa da Porte de la Chapelle, inda ake ɗaure tsoffin firigo da tayoyi ana aikawa gida. A nan na tarar da Sale. Ɗan garinmu ne, ya girme ni da shekara huɗu, ya riga ni zuwa. Ɗaki ɗaya muka zauna, kwano ɗaya. Shi ya koya mini hawan metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Shi ya koya mini karatun Faransanci da takardun tallar da ake cusawa a akwatin wasiƙa, farashin kaza da na sabulu su ne littafina na farko. Shi ya kai ni ɗakin karatu na unguwa ya sa aka yi mini kati. Ya ce, "Nan ba a korar kowa, kuma akwai ɗumi." Wallahi don ɗumin na fara zuwa.

Daga baya muka sami aiki a wani dipo, babban wurin ajiye kaya, muna ɗaukar kwali. Akwai wani mutumin tsibiran Antiy, can ƙetaren teku, baƙi kamarmu, Kirista. Wata rana muna hutun cin abinci ya ce kakarsa ta ji wannan labarin na Ham a coci, an ce su ne. Na ce masa a'a, ai mutanen kudu ake nufi. Ya yi dariya har burodi ya ƙware shi. Ya ce, "Kai a ganinka daga ina kake? Duk wanda ke arewa da kai, kai ne kudunsa."

Ranar ban koma ɗaki ba sai da na biya ɗakin karatu. Na yi wata da watanni ina tono, da ƙamus a gefe. A littafin Kiristoci ba Ham aka yi wa baki ba, ɗansa Kan'ana ne, yaron da bai ga komai ba bai yi dariyar komai ba, kuma babu inda aka ambaci launin fata. A Littafin Allah babu sunan Ham, babu dariya, babu fata. Ɗan da aka ba da labarinsa shi ne wanda ya ƙi shiga jirgi ya nutse, kuma zamansa ɗan annabi bai cece shi ba, wato asali ba ya ɗaukar kowa. Baƙin daga baya aka shafa wa labarin. Duk mai buƙatar bawa sai ya ƙara masa gishiri: masu ayarin raƙuma da suka tsallaka Sahara da mutanenmu, masu jiragen da suka tashi daga bakin tekun ƙasar nan da muke ciki, masu gonakin rake da auduga da limamansu. Wasu suka ce ai a cikin jirgin ma Ham ya karya doka. Har masu rubuta labaran ƙirƙira suka shiga, wannan ya mai da shi ɗan iska, wancan ya mai da shi gwarzon da ya yi wa ubansa tawaye. Mutum ya tsira daga ruwan da ya cinye duniya, bai tsira daga bakin mutane ba.

Na cika na batse. Ina da shekara sha tara, ba a iya shan shayi kusa da ni. Sale ya sa mini suna Lauyan Ham. In ya ga na ja numfashi zan fara, sai ya ce wa mutane, "Ku matsa, kotu ta zauna."

Ga kuskure na biyu. A ɗakin sallar da ke ƙarƙashin benenmu akwai wani tsoho, Malam Habu, mutumin Damagaram, mai karantar da yara ran Lahadi bayan la'asar, ba wanda ke biyansa. Wata Lahadi na shiga na tarar yana ba su labarin Ham. So yake ya koya musu kunyar iyaye, shi ke nan abin da ke ransa. Na miƙe a gaban yara sama da ashirin.

Na ce, "Malam, a wace sura ka ga wannan?"

Ya ce, "Ɗana, ba a sura ba ne. A bakin malamaina na ji."

Na ce, "To malamanka a bakin dillalan bayi suka ji. Wani malamin Tambutu ya ƙaryata wannan tatsuniya tun ɗaruruwan shekaru, kai har yanzu kana zuba ta a kunnen ƴaƴan mutane."

Yaran suka fashe da dariya. Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Ya ce, "Na ji. Allah ya ƙara sani." Lahadin da ta biyo bai zo ba, haka wadda ta biyo bayanta. Karatun ya watse.

Ranar da abin ya faru, a kan matakala Sale ya ce mini, "Gaskiya ka faɗa, Ilya. Amma ka lura da abin da ka yi? Ka ga tsiraicin tsoho, ka kira yara su zo su gani."

Har gobe ina nan a kan cewa labarin ƙarya ne, kuma bai kamata a ba yara shi ba. Amma da na jira aka tashi, na raka shi zuwa ƙofarsa, na nuna masa abin da na karanta, da ya gyara, kuma da yaran sun ci gaba da samun malami. Ke aikin jinya za ki yi. Za ki ga tsiraicin tsofaffi na gaske, za ki ga kuskuren manyanki a wurin aiki. Ki gyara, kada ki yi shiru. Amma ki ja labule tukuna.

Yanzu na iso inda nake ta kewayewa. Akwai abin da kowa a garinmu ya sani, ba a faɗarsa a Paris. Kakannin Sale bayin gidan kakannin uwata ne. An daina bauta tun kafin a haifi ubansa, amma wata al'ada ta rage: in an yanka rago a gidanmu, wuyan nasu ne. Ba kyauta ba ce, alama ce. Ana miƙa wa mutum wuya don ya tuna, kowa ma ya tuna. Na san haka. Na karanta littafi a kan kasuwannin bayi na ƙasashen da ban taɓa takawa ba, ban taɓa zama na yi tunanin wuyan rago ba.

Ranar da naƙuda ta kama uwarki ina dipo, Sale ne ya kai ta asibiti. Ya ɗauke ki kafin ni. Ranar sunanki, a nan gidan, hawa na tara, asansar da ke hawa da mutane ta lalace kamar kullum, shi ya ɗauko ragon daga wurin mahauci ya hau da shi a kafaɗa. Falo cike da alhazai. Kawu Idi yana zaune yana nuna yadda za a raba: cinya ga liman, haƙarƙari ga maƙwabta, wannan a kai wa mata. Sai ya ce,

"Ilya, ɗauki wuyan nan ka ba Sale. Rabonsu ne. Kada a ce mun zo Turai mun manta da mutanenmu."

Falon ya yi tsit. Sale bai dubi Kawu ba, ni ya duba.

Ramatu, ni da na tsaya gaban tsoho na wanke shi tas, ni da ba shef ɗin da ban mayar wa magana ba, bakina ya mutu. Kawu ne ya kawo ni ƙasar nan, shi ya nema mini auren uwarki, ga abokansa suna kallo. Na ɗauki wuyan na sa a leda. Da a nan na tsaya ma da sauƙi. Sai na ga shirun ya yi nauyi, na ce bari in mai da abin wasa. Na miƙa masa ina dariya, na ce, "Karɓi, bawan gidanmu, kada ka ce ba a kyauta maka ba."

Aka yi dariya, alhazai suka sami sararin numfashi. Sale ya sa hannu biyu ya karɓa, ya ɗan rusuna, yadda kakansa zai yi. Da ya mare ni da ya fi mini. Ya yi wa kowa sallama, ya nufi ƙofa. A bakin ƙofa akwai kanta inda nake tara littattafan da na aro, duk a kan bauta. Ya ajiye ledar a kan na sama, ya fita. Jini ya zubo ta ƙasan ledar ya shiga bangon littafin. Kin san shi, mai koren bango, wanda kika taɓa tambayata tabon mene ne na ce miki kofi. Wannan ma ƙarya ce. Ban iya mayar musu da shi ba. Kafin wata ya cika Sale ya sami aiki a wata masana'anta a Lyon, ya tafi bai yi mini sallama ba.

Faɗa da matattu ba wuya, faɗa da na nesa ma haka. Ranar da za a gwada ki, ba ɗan sanda ba ne zai gwada ki, ba kuma wani Bature a bayan tebur ba. Wani ne da kike ƙauna, wanda kika ci abincinsa, zai miƙo miki leda ya ce miƙa. Ba sai kin zage shi ba. Ki ce kawai, "A'a, Baba, ban da wannan," ki ajiye. In kuma kika ji bakinki yana neman wasa don ya rufe wani abu, ki kama shi. Ba kowace dariya ce ke sauƙaƙa abu ba, wata tana sa hannu ne a kansa.

Kuskure na ƙarshe ya fi ba ni kunya, domin wannan na sami shekara shida ina shirya shi. Kina aji ɗaya a lakwal, makarantar boko, na hau jirgi na je Lyon. Na bi metro har Vénissieux, na hau tiram, ƙaramin jirgin cikin gari, zuwa Minguettes, na nemo benensu. Sale ya buɗe ƙofa, ya gan ni, ya ce, "Lauya. Shigo." Tanti Mariama ta kawo shayi.

Na zo in ce ya yafe mini. Abin da na yi kuwa, na zauna na yi masa lacca. Na faro daga Ham, na bi ta Sahara, na tsallaka teku, na dawo Adar. Na yi masa bayanin yadda al'ada ke shiga jikin mutum ba da saninsa ba, na ce ba ni kaɗai ba ne, tsari ne, dukanmu an cuce mu. Shayina ya huce, aka sake wani, ya huce. Yana zaune yana kallona har na gama.

Ya ce, "Ilya, tun daga Paris ka taso don ka karanta mini?"

Na ce ina so ne ya gane tushen abin.

Ya ce, "Kai ka karanta shi, ni a cikinsa aka haife ni. Akwai wata magana?"

Ya buɗe mini ƙofa da wannan tambayar, ni ban gani ba. Girman kai ya hau ni, na ce babu. Ya raka ni har tashar tiram, ya ce, "Ka gaida mini Ramatu." Ban gaishe ki ba, domin da na yi sai kin tambaya wane ne.

In kin yi wa mutum laifi, kada ki je masa da dalili. Dalilin naki ne, ki bar shi a gida. Neman gafara gajere ne, duk abin da kika ƙara a kai kanki kike wa lauya.

Da takardar karɓarki ta zo, muka rasa inda za ki zauna, sai uwarki ta kira Tanti Mariama. A ranar na san ba su taɓa daina gaisawa ba duk shekarun nan. Ta sa wayar a kan tebur ina ji. Tana cikin kewaye-kewaye, tana cewa ta san abin da ya faru, in da damuwa ba komai, sai muryar Sale ta shigo, ya kira uwarki da sunanta.

"Balki, bar wannan. Ɗaki yana nan. Me ya haɗa yarinya da abin da ubanta ya yi?"

Na fi shekara ashirin ina karanta yadda aka ɗora wa Kan'ana laifin Ham, aka ɗora wa rabin duniya laifin da ba ta yi ba. Mutumin da na miƙa wa wuyan rago ya warware maganar a numfashi ɗaya, yana tsaye a kicin ɗinsa.

Kawu Idi ya ji. Shekaranjiya ya kira ni, ya ce, "Ashe jikata za ka kai ta zauna gidan bayinmu? A rasa inda za ta sai can?" Na ji maganganu goma sun taso mini, kowace ta fi wata kaifi. Na haɗiye tara. Na ce, "Kawu, gidan wana za ta." Ya kashe waya. Zai huce ko ba zai huce ba, wannan tsakanina da shi ne, kada ki sa shi a ranki. In ya kira ki, ki gaishe shi yadda kika saba.

Da farko na rubuta wa Sale takarda, na ce zan ba ki ki kai masa. Shafi bakwai. Da na sake karantawa na ga laccar nan ce ta dawo, kuma na ga abin da nake shirin yi: in ɗora miki kayana ki hau bene da su. Na yaga ta. Laifi ba gado ba ne, neman gafara ma ba a aika ɗa. Don haka ki shiga gidan nan da kanki a miƙe. Kada ki yi ta rusunawa don ki biya mini, zai gane, kuma zai ji zafi. Ki gaishe su da safe, ki ci abin da aka dafa, ki wanke kwanonki, ba irin wankin da kike mana a nan ba. In kuma wani ɗan garinmu ya ja ki gefe ya fara miki maganar asali, ki tambaye shi a wane jirgi kakansa ya zo da ba na Annabi Nuhu ba.

Tikiti biyu na saya na ranar Asabar. Ni zan ɗaukar miki akwati. Na so in sayi cinyar rago in tafi da ita, uwarki ta dube ni ta ce, "Kai dai ba ka da lafiya. Ka je da bakinka kawai, amma ka rage shi." Hannu sake zan je. Kalma uku na tanada: ka yafe mini. In kika ji na wuce ukun, na fara cewa "ka san a tarihi", ki taka mini ƙafa, ki taka da ƙarfi, na ba ki izini. Ban san abin da zai ce ba. In ya karɓa, alhamdulillahi. In ya ce in tsaya a bakin ƙofa, haƙƙinsa ne, ke ki shige, ni na san hanyar tiram.

Kujerarki tana jikin taga, tawa tana kusa da ita. In kin gama karanta wannan kika ji ba ki son zama kusa da ni na awa biyu, ki nemi wata, ba zan ce komai ba. Kin dai san abin da hakan zai ci mini.

Allah ya kiyaye ki a hanya da masauki, ya tsare ki daga sharrin dare da rana, da sharrin bakin mutane, har da na ubanki. Ya sa hannunki ya zama sauƙi ga marasa lafiya. Wanda ya sauke jirgin Annabi Nuhu lafiya da duk wanda ke cikinsa, ya sauke ki lafiya, ya dawo mana da ke lafiya. Amin.

Ubanki,
Iliyasu